Sadakar Palwasha

A duk unguwarsu da ke garin Braila, in aka yi mutuwa, Tanti Veta ake fara bugawa ƙofa tun kafin a nemi limamin coci. Koliva ta iya, dafaffiyar alkamar nan da ake kaiwa coci a yi wa mamaci addu'a a kanta, sannan a raba wa mutane sadaka. Tata ba ta taɓa caɓewa ba, ba ta kuma taɓa yin tsami ba. Sai dai zamani ya juya. Yanzu mutane kanti suke zuwa su sayo wadda aka riga aka haɗa cikin roba, babbar tukunyar Tanti Veta kuwa tana can saman kabad ta kifa baki, ƙura na hawanta.

A makon da aka tayar da bam a tashar jirgin ƙasa ta wani babban birni can yammacin Turai, benensu ya ruɗe kamar a ƙofarsa abin ya faru. Kusan kowane ɗaki yana da ɗa ko 'ya da ke neman abinci a birnin. Doamna Cornelia, shugabar mazauna benen, ta wuni riƙe da waya tana kiran ɗanta Sorin, har Allah Ya sa ya ɗauka ya ce lafiyarsa ƙalau, barci ne ya makarar da shi bai je tashar ba. Washegari ta fito da ƙaramin tebur ta girke a gindin matakala, ta shimfiɗa masa farin ƙyalle, ta jera kyandir. Kowa ya zo wucewa sai ya tsaya ya kunna nasa. Har Zarmina, 'yar Afghanistan ɗin nan mai aiki a masana'antar ɗinki, wadda ɗakinta ke ƙarƙashin na Tanti Veta, ta kawo fararen furanni ta ajiye.

Bayan 'yan kwanaki sai Tanti Veta ta lura da wani shiru. Kullum da yamma takan ji ƙarar keken ɗinkin Zarmina ta ƙarƙashin ƙafarta, daga nan yarinyar ta hawo su sha shayi, ta zura mata zare a allurai ta jera mata a jikin labule. Yanzu alluran sun ƙare, keken ya yi tsit. Ranar Juma'a da hantsi haƙurinta ya ƙare, ta dafa bango ta sauka.

“Zarmina! Buɗe mana, 'yata, ni ce. Ko mutuwa kika yi ba ki sanar da ni ba?”

Ƙofar ta ɗan buɗe. Tana ganin fuskar yarinyar ta so a ce harshenta ya maƙale kafin ta yi wannan wasan. Idanun sun kumbura, leɓen ya bushe ya tsattsage.

“Palwasha ce, Tanti,” in ji Zarmina. “Ƙanwata, mai koyar da yara mata lissafi. An tayar da bam a ƙofar makarantarsu can gida lokacin tashi. An riga an binne ta. A waya na gani.”

“Wayyo Allah! Yaushe? Ni da ba na kashe talabijin, ya aka yi ban ji ba?”

“An rubuta a ƙasan allo. Ya wuce da gudu, aka koma maganar ƙwallo.”

Tanti Veta ta tura ƙofar da kafaɗa ta shiga ba tare da an ce mata bisimilla ba. Murhu a sanyaye, burodi ya bushe a kan tebur ba a ko gutsura ba.

“Yaushe rabonki da abinci? Yaushe rabonki da fita?”

Zarmina ta zauna a bakin gado. “Na gwada sauka sau ɗaya. Na iso wajen teburin nan, na ga kyandir, na ga furannina sun yi yaushi. Wallahi ba na jin haushin kowa, Tanti, waɗancan ma 'ya'yan wasu ne. Amma Palwasha ma mutum ce. Ƙafata ta ƙi wucewa, sai na dawo.”

“Wa ya ba da abinci da sunanta?”

“Babu. Mahaifiyarmu tana kwance tun ranar.”

“Babu?” Tanti Veta ta dafe ƙirji. A saninta, mamacin da ba a ciyar da kowa da sunansa ba, da yunwa yake zaune a can, yana kallon na wasu. “To ke da yunwa, ita da yunwa! A'a. Ba a benen da nake ba. Gobe Asabar ɗin tuna matattu ce. Ki jira ni.”

Ta fito zuciyarta na bugawa, rabi tausayi, rabi wani ɗoki da ita kanta ta ji kunyarsa. Ta ɗauko jakar cefane ta gangara. A gindin matakala ta tarar da Doamna Cornelia tana kankare narkakken kyandir da wuƙa, ta kwashe labari ta faɗa mata a tsaye, ta ce a matsa a ba yarinyar nan wuri a teburin.

Doamna Cornelia ta yi ajiyar zuciya. “Allah Sarki. Amma Tanti Veta, can ai kullum ne. Sun saba.”

“Sun saba? Ke da kika binne uwa, kika binne uba, kika binne miji, kin saba?”

Fuskar Doamna Cornelia ta yi ja. “Teburin nan na namu ne. In na buɗe shi ga duk ƙasar da aka yi tashin hankali, sai mu rasa hanyar wucewa.” Ta shige ɗakinta ta ja ƙofa da ƙarfi har wutar kyandir ta kaɗa.

“Za mu gani,” in ji Tanti Veta, ta fice kasuwa da saurin da gwiwoyinta suka manta suna da shi.

Da ta dawo sai ta buga wa maƙwabcinta Nea Fane ƙofa, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa da ya yi ritaya, ba shi da aiki sai leƙen titi ta taga.

“Fane, ajiye jaridar nan, ai ka haddace ta. Zo ka sauko mini da tukunya.”

“Wa ya mutu? In ni ne, ki faɗa mini in sa riga mai kyau.”

“Kai ai kolivar kanti za a saya maka, ta roba. Hau kujera!”

Ta wanke alkamar, ta sake wankewa, ta yi ta sakewa har ruwan ya fito garau. Ta ɗora a wuta kaɗan kaɗan, ta hana cokali shiga, sai dai ta kama kunnuwan tukunyar ta girgiza. Da ƙwayoyin suka fashe suka yi fure, ta zuba sukari, ta sauke, ta lulluɓe tukunyar da tawul kamar jariri. Nea Fane na gefe yana fasa gyaɗar itace da guduma, yana jefa ɗaya a kwano ɗaya a baki.

“Ina ganinka ta bayan kaina,” in ji ta.

“Ɗanɗanawa nake, kada a kai wa mamaciya ruɓaɓɓiya.”

Asabar da sassafe ta buɗe tukunyar, alkamar ta kama jikinta yadda take so. Ta zuba gyaɗar, ta kankare ɓawon lemo a kai, hannunta ya miƙa bayan kabad da kansa ya ɗauko kwalbar rum, giyar da tun tana yarinya ta ga kakarta na zubawa. Ta tsiyaya.

“Wannan ai rowa ce,” in ji Nea Fane. “Yarinya ta taho daga nesa, baƙuwa ce a cikin matattunmu, ki karrama ta.”

Ta ƙara tsiyayawa da yalwa. Ta juye a babban tire, ta lallaɓa da tafin hannu har ya yi sumul, ta barbaɗa garin biskit, ta bi da garin sukari fari fat. Ta ɗora kwalin da ta yanka tun shekaru aru-aru, ta kaɗa garin cakulan, ta ɗaga a hankali tana riƙe numfashi. Gicciye ya fito ɗas a tsakiya, ko ɗigo bai kauce ba. A ƙasansa ta jera ƙananan alewa masu ƙyalli, ta fitar da harafin farko na sunan Palwasha. Ta ja da baya ta riƙe ƙugu. Ko wadda ta yi wa marigayi mijinta ba ta yi wannan kyau ba.

“Ɗauki, Fane. In ka zubar, kai ne mamaci na gaba.”

Suka sauka, shi a gaba da tire, ita a baya riƙe da gefen rigarsa tana ta “a hankali, a hankali”. Ta buga ƙofar Zarmina da gwiwar hannu, bakinta ya ƙi rufuwa don murna.

Zarmina ta buɗe. Ta dubi tiren, ta dubi gicciyen da harafin da ke ƙarƙashinsa. Sannan hancinta ya motsa.

“Tanti, wannan ƙamshin fa?”

“Rum ne! Na gaske, ba ruwan ƙamshin nan na kanti ba. Ban yi mata rowa ba.”

Nea Fane, wanda ya yi yawon tashoshin ruwa a ƙuruciyarsa, ya fara sauke tiren ƙasa ƙasa kamar mai son ɓoye shi a bayan gwiwarsa.

“Veta,” ya ce a hankali, “ba sa sha fa.”

“Wa ya ce a sha? Ci za a...” Sai yanzu ta tuna yadda Zarmina ke juya kwalin cakulan tana karanta bayansa kafin ta ci, da dardumar da ke naɗe a gefen gadonta. Ta sake duban gicciyen da ta riƙe numfashi ta zana. Ta ji kunnuwanta sun ɗau zafi.

“Na shiga uku. Na zo ciyar da ƙanwarki, na kawo mata giya, na kuma sa ta a coci. Fane, kai da ka zaga duniya, ina bakinka yake ɗazu?”

“Yana cike da gyaɗa,” in ji shi.

Wani sauti ya kuɓuce wa Zarmina. Tanti Veta ta ɗauka kuka ne, ta matso za ta rungume ta, ashe dariya ce, ta fito tare da hawaye har ta dafa ƙofa.

“Da Palwasha na nan,” ta ce tana share ido, “da ta ɗauki hoton tiren nan ta tura wa duk danginmu, ta ce ku ga yadda na yi suna a Turai.” Ta kama hannun tsohuwar ta riƙe. “Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba, Tanti. Amma ba zan iya ci ba.”

“Ai ba cin ne babba ba, 'yata. Rabawa ce. Ke za ki bi ƙofa ƙofa ki miƙa da hannunki, duk wanda ya karɓa ya yi mata addu'a. Ta haka yake isa gare ta.”

Zarmina ta ɗago kai da sauri. “Haka muke yi mu ma! Halwa muke tuƙawa, ta fulawa da mai da sukari, a kai wa maƙwabta.”

“To me ya hana ki tun tuni?”

“Wa zai karɓa a hannuna a nan?”

“Wa zai karɓa?” Tanti Veta ta tafa hannu, ɗokinta ya dawo ninki biyu. “Yarinya, a ƙasar nan ba a mayar da sadakar mamaci. Ko wanda kuka yi shari'a da shi jiya, in kika miƙa masa dole ya sa hannu biyu. Kina da fulawa? Fane, ajiye wannan abin kunyar a kan taga, ka hau ka kwaso duk ƙananan kwanukana. Da cokula!”

Nan da nan murhun da ya kwana biyu a mace ya kama. Wannan karon Zarmina ce mai ba da umarni, Tanti Veta kuwa, wadda ba a taɓa koya wa riƙe cokali ba, ta koma 'yar aike. Mai ya yi zafi, aka zuba fulawa, Zarmina ta shiga juyawa ba tsayawa.

“Za ta ƙone! Sauke, ta yi ja!”

“Da saura, Tanti.”

“Ni fa na fi shekara hamsin a gaban murhu.”

“Shi ya sa kika zuba mata rum.”

“Ji 'yar banza! Dama kina da baki haka?”

Da fulawar ta yi launin zuma, Zarmina ta daka wasu korayen ƙwayoyin ƙamshi da ta zo da su daga gida ta watsa, ta kwarara ruwan sukari. Tukunyar ta yi wata irin ƙara, tururi ya turnuƙe, Tanti Veta ta yi tsalle baya tana kiran sunan Allah. Ƙamshin ya fita ta ƙofa ya bi matakala, aka fara jin ana buɗe ƙofofi a sama.

Daga hawa na ƙarshe suka faro. Zarmina ta gyara mayafinta, ta tsaya a ƙofar farko riƙe da kwano. Tanti Veta ce ta buga, ta kuma yi shela da muryar da ta cika benen: “Sadakar Palwasha ce, malamar makaranta, ƙanwar maƙwabciyarmu, wadda bam ya kashe a ƙofar makarantarsu!”

Matar gidan ta fito da kumfar sabulu a hannu. Ta goge a jikin riga, ta karɓa da hannu biyu. “Allah Ya gafarta mata. Ya kika ce sunanta?”

“Palwasha.”

“Palwasha. Allah Ya gafarta mata.”

A ƙofa ta gaba ba sai an buga ba, a buɗe take. Wani direban tasi ya cire hularsa. Wata tsohuwa ta sumbaci Zarmina a goshi ta ce me ya sa ba a faɗa ba. Wasu ma ba su koma ciki ba, suka biyo su da kwanukansu suna ci suna tambaya: yara nawa take koyarwa, tana da aure, tana kama da yayarta? Zarmina tana amsawa, muryarta na ƙara fitowa hawa bayan hawa. Kafin su kai ƙasa, matakalar ta cika da mutane da ƙarar cokula.

Kwano ɗaya ya rage, ƙofa ɗaya ta rage, ga teburin kyandir a gefenta. Nan Zarmina ta ja ta tsaya a matakin ƙarshe, daidai inda ƙafarta ta ƙi wucewa rannan. Hayaniya ta mutu. Tanti Veta ce ta cika baki cewa ba a mayarwa, amma ta san taurin kan Doamna Cornelia, ta kuma san maganar da ta yaɓa mata jiya. In matar nan ta rufe ƙofa, yarinyar za ta koma sama, kuma ba wata halwa da za ta sake sauko da ita.

Ta ɗaga hannu za ta buga, Zarmina ta riƙe ta. Yarinyar ta sauka daga matakin, ta wuce teburin, ta buga da kanta.

Doamna Cornelia ta buɗe, hannuwa a harɗe a ƙirji. Ta dubi taron, ta harari Tanti Veta, sannan ta dubi kwanon.

“Doamna Cornelia,” in ji Zarmina, “sadakar ƙanwata ce.”

Hannuwan ba su motsa ba. Tanti Veta ta ciji leɓe don kada bakinta ya ɓata komai.

“Shekarunta nawa?” in ji Doamna Cornelia a ƙarshe.

“Ashirin da shida.”

“Sa'ar Sorin ce.” Muryarta ta sauya. “Ita ba ta makara ba ke nan.”

“Ba ta taɓa makara ba.”

Doamna Cornelia ta warware hannuwanta ta karɓi kwanon da duka biyun. “Allah Ya gafarta wa Palwasha,” ta ce, ashe tun daga sama take jin sunan ta bayan ƙofa. Ta kai cokali baki ta ci. Sai ta ajiye kwanon, ta nufi teburin ta fara tura kyandirori gefe da gaggawa kamar wadda aka ce za a ƙwace mata aikin.

“Kina da hotonta? Wane irin kyandir kuke kunnawa?”

“Ba ma kunnawa, Doamna. Addu'a ce kawai, da abinci.”

“To a kawo abincin! Me kuke kallo? Nea Fane, akwai saura a tukunya? Sauko da ita nan, duk wanda ya shigo benen nan yau sai ya ci, har mai kawo wasiƙa.”

Aka sauko da tukunyar aka girke a tsakiyar farin ƙyallen, kyandir na ci dama da hagu. Tanti Veta ta kankaro ƙasan, inda ya fi daɗi, ta cika cokali ta miƙa wa Zarmina.

“Ita ta ƙoshi. Saura ke.”

Zarmina ta zauna a kan matakala a tsakiyar maƙwabta, ta karɓa ta ci. Ta miƙo hannu a ƙara mata.

Can sai ƙararrawar coci ta kaɗa, Tanti Veta ta zabura. “Kolivata! Fane, ɗauko tiren, mamatan tashar jirgin nan ma suna jira, su dai na san ba za su ƙi rum ba. Sai dai a cire harafin yarinyar tukuna.”

“Kada ki damu,” in ji Nea Fane yana taune wani abu mai ƙaras ƙaras. “Na riga na cire.”